Rumbu Ya Yi Araha, Me Muka Zuba a Ciki?

A garinmu Gidan Amumune, in ana so a san ƙarfin gida, rumbunsa ake dubawa. Ni kuwa rumbun da ya sa ni wannan rubutu bai kai farcen babban yatsana ba. Katin memwar ne mai giga 2, na saye shi a kasuwar Tasawa ina aji na ƙarshe a koleji. A cikinsa na ɗauki muryar kakana, dare uku a jere, yana ba ni labarin yunwar 1984 da ake kira El Buhari, da abin da ya ji daga bakin nasa kakan game da Nasaran nan Bule da Shanwan da suka ratsa ƙasar Tasawa da wuta a 1899.

Ku yi haƙuri in ɗan koma baya, don mu san yadda aka yi ɗan talaka irina ya mallaki wannan abu.

A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da faifan ajiya na farko na kwamfuta, cikin na'urar da ake kira RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere, kowane ya kai faɗin babban tire, nauyin abin duka wajen tan ɗaya. Abin da yake ɗauka fa? Bai wuce mega 5 ba. Wato hoto ɗaya ko biyu na salular yanzu, shi ke nan ya cika! Kuma hayarsa manyan kamfanoni suke yi, duk wata su biya dubban daloli. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

A 1980 kamfanin Seagate ya ƙera wanda zai shiga cikin ƙaramar kwamfuta, shi ma mega 5, a kan dala 1,500. Mu yi lissafi irin na lakkwal: mega ɗaya dala 300, giga ɗaya kenan wajen dala 300,000. To a 2007 Hitachi ya fitar da faifai mai tera ɗaya, giga dubu kenan, a kan dala 399. Giga ɗaya ya dawo ƙasa da rabin dala. Cikin shekara 27 kawai. Ku gaya mini, wane kaya ne a kasuwar Mayahi ya taɓa faɗuwa haka? Hatsi kullum sama yake yi.

Me ya kawo haka? Faifan yana rubutu ne da maganaɗisu, ɗigo-ɗigo. Duk lokacin da aka iya ƙanƙanta ɗigon, sai fili ɗaya ya ɗauki ninkin abin da yake ɗauka a da. Matsalar ita ce karanta ɗigon da ya yi ƙanƙanta sosai. A 1988 wasu masana biyu, Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowa a nasa wurin, suka gano hanyar jin maganaɗisu mai rauni ƙwarai. IBM ya sa dabarar a faya-fayansa a 1997, su kuma suka samu kyautar Nobel a 2007. Ga kuma gasar kamfanoni da yawan ƙerawa a Asiya. Farashin dai ya taɓa yin tsalle sosai a 2011, da ambaliya ta cinye masana'antu a Tailan.

Katin salula ba faifai mai juyawa ba ne, wata fasaha ce daban da aka fara a kamfanin Toshiba na Japan, amma shi ma wannan hanyar araha ya biyo har ya iso hannunmu.

A da, adana muryar tsofaffi aikin hukuma ne. Tun 1968 akwai cibiya a Yamai, wadda yanzu ake kira CELHTO, da ke tattara tarihin baka a kaset. Yau kowannenmu yana yawo da irin wannan ɗaki a aljihu.

To ina muryar kakana? Na ara wa wani abokina katin. Ya kai shi wurin masu tura finafinai, aka ce babu wuri, aka goge komai. Ya dawo mini da shi cike da finafinan Indiya masu fassara, yana ta murna wai ya yi mini gwaninta. Wallahi ban iya ce masa komai ba. Daminar da ta biyo baya Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Laifina ne ma: kwafi ɗaya tak na ajiye, alhali katin na biyu bai fi kuɗin shayin mako guda ba.

Araha ta sa mun raina abin. Manomi ba ya zuba irin shukarsa a rumbu ɗaya, kuma ba ya ara wa kowa.

Don haka ƴan uwa, hutun nan in kun koma gida, ku zauna da tsohuwa ko tsohon da ya rage. Ku tambayi asalin garinku, sunayen rijiyoyi, shekarun yunwa. Ku ɗauka, ku rubuta suna da rana, ku ajiye a wuri biyu ko uku. Ni na fara da ƙanwar kakana. Ta ce ba ta san komai ba, sai ga shi mun yi awa huɗu ba ta gama ba.