Francis Bebey: Mawaƙi kuma marubucin Kamaru da ya ci gashin kansa

A shekarar 1974 wani babban ma'aikacin hukumar UNESCO a birnin Paris ya ajiye aikinsa yana ɗan shekara 45, domin ya rayu da kiɗa da rubutu kawai. Sunansa Francis Bebey, ɗan ƙasar Kamaru, wanda a yau ake lissafa shi cikin waɗanda suka fara haɗa kiɗan gargajiyar Afirka da na'urorin lantarki.

Shi dai Bebey bai jingina da manyan kamfanonin faya-fayai na Turai ba a mafi yawan rayuwarsa ta waƙa. Shi ke tsara waƙoƙinsa, shi ke naɗar su a gidansa, shi ke fitar da su da sunan kamfaninsa, sannan ya bi ƙasashe yana gabatar da su a dandali da kuma ta hanyar hira da 'yan jarida.

Ƙuruciya a Duwala

An haifi Francis Bebey ranar 15 ga watan Yuli na shekarar 1929 a Duwala, birnin da ke gaɓar teku a kudancin Kamaru, lokacin da yankin yake hannun Faransa. Mahaifinsa limamin coci ne na ɗariƙar Furotesta, saboda haka kiɗan da ya fara shiga kunnensa shi ne waƙoƙin coci da na makaɗan Turai irin su Bach da Handel.

A wancan zamani makarantun mishan da na gwamnatin mulkin mallaka ba su ɗauki kiɗan gargajiya a bakin komai ba. Wani maƙwabcinsu ne, mai kaɗa kayan tsirkiya na gargajiya, ya buɗe wa yaron ido ya gane cewa mutanensa ma suna da kiɗa mai ƙa'ida da zurfi.

Yayansa Marcel ne ya ba shi abin kiɗansa na farko, wato banjo, wanda ya yi kama da molo. Daga bisani ya koma ga jita, wadda ta zame masa abokiyar tafiya har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan yaya nasa, Dokta Marcel Bebey Eyidi, likita ne kuma ɗan siyasa. Yana cikin shugabannin adawa da gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta ɗaure a shekarar 1962 bayan sun ƙi amincewa da tsarin jam'iyya ɗaya, kuma ya rasu a shekarar 1966.

Karatu da aikin rediyo

A farkon shekarun 1950 Bebey ya tafi Faransa karatu, inda ya shiga jami'ar Sorbonne. A can ya haɗu da wani matashi ɗan garinsu, Manu Dibango, ya kuma koya masa tushen kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka. Shi Dibango daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran makaɗan Afirka.

Salon jitar Bebey kuwa ya samu tasiri daga Andrés Segovia, gwanin jita na ƙasar Sifaniya, wanda ya nuna cewa mutum ɗaya da jita ɗaya zai iya riƙe babban zaure shi kaɗai.

Bayan ya ƙaro ilimin aikin watsa labarai a jami'ar New York da ke Amurka, ya yi aikin rediyo a Ghana a zamanin Kwame Nkrumah, ƙasar da ta samu 'yanci a shekarar 1957. Haka kuma ya yi aiki da Sorafom, hukumar rediyon Faransa mai kula da ƙasashen da take mulka a ƙetare.

Aikin rediyo ya koya masa abubuwa biyu da suka yi masa rana daga baya: yadda ake sarrafa na'urar naɗar sauti, da yadda ake yi wa mai sauraro magana a sauƙaƙe. Littafinsa na farko, wanda ya fito a shekarar 1963, a kan aikin rediyo ne a ƙasashen Afirka baƙar fata.

Daga shekarar 1961 zuwa 1974 ya yi aiki da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu, har ya kai ga jagorantar sashen kiɗa. Wannan muƙami ya ba shi damar yin tafiye-tafiye da nazarin kaɗe-kaɗen al'ummomi daban-daban na Afirka.

Littattafansa

Tun yana ma'aikaci sunansa ya fara fita a fagen adabi. A shekarar 1967 kamfanin ɗab'i na CLE da ke Yawunde ya buga ƙagaggen labarinsa mai suna Le Fils d'Agatha Moudio, wato Ɗan Agatha Moudio. Shekara guda bayan haka littafin ya ci babbar lambar adabi ta Afirka baƙar fata, wadda ake bai wa marubutan da ke rubutu da Faransanci.

Labarin na wani masunci ne mai suna Mbenda a wani ƙauye kusa da Duwala. Mahaifinsa ya bar wasiyya cewa ya auri 'yar abokinsa, alhali ko cikinta ba a ɗauka ba a lokacin. Shi kuwa Mbenda wata yake so, Agatha, wadda mutanen ƙauye ke zargi da rawar kai.

A ƙarshe ya auri dukkansu biyun, sai dai 'ya'yan fari da suka haifa masa babu nasa ko ɗaya. Ɗan Agatha ya zo da farar fata, aka zauna jiran ranar da zai yi duhu kamar sauran jarirai, ranar ba ta zo ba. Cikin raha Bebey ya bi da mai karatu ta kan batutuwa masu nauyi: biyayya ga iyaye, auren mace fiye da ɗaya, ikon Turawan mulki, da tambayar ko wane ne uba, wanda ya haifa ko wanda ya rena.

A shekarar 1973 ya fitar da La Poupée ashanti, wato 'Yar Tsanar Ashanti, labarin matan kasuwar Accra da ƙarfinsu a harkar ciniki da siyasa. Sai Le Roi Albert d'Effidi a shekarar 1976, da Le Ministre et le griot, wato Minista da Maroƙi, a shekarar 1992, da kuma L'Enfant-pluie a shekarar 1994, wanda ya ci lambar Saint-Exupéry.

Amma littafin da ya fi yawo a jami'o'i shi ne Musique de l'Afrique na shekarar 1969, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1975. A cikinsa ya bayyana cewa kiɗa a Afirka yana ɗaure da rayuwar yau da kullum, tun daga haihuwa da aure da noma har zuwa mutuwa, kuma yana da dangantaka ta ƙut-da-ƙut da harshe, domin a al'ummomi da dama ganga magana take yi. Ya kuma yi bayanin matsayin maroƙa da makaɗan fada, da ire-iren kayan kiɗan nahiyar.

Muhimmancin littafin shi ne cewa ɗan Afirka ne ya rubuta shi, kuma makaɗi, a lokacin da galibin masu rubutu kan wannan fage Turawa ne.

Kamfanin Ozileka

Bayan ya bar UNESCO, Bebey ya kafa ɗakin naɗar sauti a cikin gidan da yake zaune da iyalinsa a Paris, ya kuma buɗe kamfanin faya-fayai nasa na kansa mai suna Ozileka.

A wancan lokaci mawaƙin Afirka da ke son faifansa ya shiga kasuwar Turai sai ya bi ta hannun manyan kamfanoni, waɗanda su ne ke da ɗakunan naɗa, su ne kuma ke yanke hukunci kan abin da zai sayu. Mallakar kayan aiki ta fitar da Bebey daga wannan ƙangi. Zai iya fitar da faifan jita zalla a bana, baɗi ya fitar da na barkwanci, ba tare da neman izinin kowa ba.

Hanyar aikinsa ita ce ya naɗi abin kiɗa ɗaya, ya dawo ya ɗora wani a kansa, sannan ya ɗora murya, har waƙa ta cika. Ya yi amfani da molon lantarki da na'urar da ke ƙirƙirar sauti da kuma na'urar da ke buga ganga da kanta, tun a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da makaɗan Afirka ƙalilan ne suka taɓa irin waɗannan kaya.

Tare da su ya riƙa haɗa kayan gargajiya guda biyu. Na farko shi ne sanza, ɗan akwati mai siraran ƙarafa da ake kaɗawa da manyan yatsu, dangin agidigo. Na biyu kuwa ita ce ndehu, sarewar gora ta mazauna dazuzzukan tsakiyar Afirka waɗanda Turawa ke kira Pigmi. Sauti ɗaya tak take fitarwa, sai mai busa ya riƙa cike tsakani da muryarsa, har a ji kamar mutum biyu ne ke amsa wa juna.

Ya fitar da faya-fayai fiye da 20 a rayuwarsa, yana waƙa da harshen Duwala da Faransanci da Ingilishi.

Waƙoƙin barkwanci

Abin da ya kai sunansa gida-gida a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci shi ne waƙoƙinsa na raha. Mafi shahara a cikinsu ita ce La Condition masculine ta shekarar 1976, wato Halin da Maza ke Ciki.

Waƙar ta fito ne shekara guda bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1975 a matsayin shekarar mata. Mai magana a cikinta wani magidanci ne da ke kuka cewa matarsa ta canza tun da ta ji labarin 'yancin mata, amma wanda ya saurara da kyau zai gane cewa mijin ne ake yi wa dariya. A shekarar 1977 ƙungiyar SACEM, mai kare haƙƙin mawaƙa a Faransa, ta ba shi lambar yabo.

Waƙar Agatha daga ƙagaggen labarinsa na farko ta samo asali. Wata kuma mai suna Si les Gaulois avaient su tana zolayar darasin tarihin da ake koya wa yaran Afirka a makarantun mulkin mallaka, cewa kakanninsu su ne Golawa, mutanen Faransa na dā.

Sai dai farin jinin waɗannan waƙoƙi ya sa mutane da yawa sun san shi a matsayin mai ban dariya kawai, alhali ya fara ne da tsara kiɗan jita zalla, kamar faifansa na shekarar 1965 da kuma Concert pour un vieux masque na shekarar 1968.

Dandali da hira

Mawaƙin da ba shi da babban kamfani a bayansa ba shi da mai yi masa talla, sai ya zama shi ne kakakin kansa. Nan ne ƙwarewar Bebey ta aikin jarida ta yi masa amfani.

Ya yi wasa a ƙasashe fiye da 75, ciki har da zauren Carnegie Hall na birnin New York. Sau da dama shi kaɗai yake hawa dandali da jitarsa da sanza da sarewa, abin da ya rage masa tsadar tafiya da ayarin makaɗa. Tsakanin waƙa da waƙa yakan ba da labari ko ya yi bayanin asalin abin kiɗan da ke hannunsa, ta yadda wasan kan zama nishaɗi da darasi a lokaci guda.

Haka yake yi a hirarrakinsa da gidajen rediyo da talabijin. Akwai wani hoton bidiyo nasa da ya yaɗu a intanet bayan rasuwarsa, inda yake nuna yadda ake fitar da cikakkiyar waƙa daga sarewa mai sauti ɗaya. Saƙon da ya riƙa nanatawa shi ne cewa kiɗan da ake raina wa mutanen daji yana da hikimar da ta cancanci a yi nazarinta kamar kowane kiɗa a duniya.

Ya kuma tsara kiɗan fina-finai, ciki har da Yaaba na shekarar 1989, wanda Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya shirya.

Bayan rasuwarsa

Francis Bebey ya rasu a Paris ranar 28 ga watan Mayu na shekarar 2001 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 71.

Cin gashin kai yana da nasa farashin. Faya-fayan ƙaramin kamfani ba sa yaɗuwa kamar na manya, kuma bayan rasuwarsa da yawa daga cikin na Ozileka sun yi wuyar samu. A farkon shekarun 2010 ne kamfanin Born Bad na Faransa ya tattara wasu waƙoƙinsa na lantarki ya sake fitar da su, sannan a shekarar 2014 ya fitar da tarin waƙoƙinsa na sanza. Ta haka matasan Turai da Amurka da ba su taɓa jin sunansa ba suka san shi.

Ranar 15 ga watan Yuli na shekarar 2013 kamfanin Google ya sanya zanensa a shafinsa na farko domin tunawa da ranar haihuwarsa. A shekarar 2017 kuma ƙungiyar mawaƙan Arcade Fire ta ƙasar Kanada ta yi amfani da busar sarewar waƙarsa The Coffee Cola Song a cikin waƙarta Everything Now, kuma ɗansa Patrick Bebey ne ya busa.

'Ya'yansa sun gaje shi ta ɓangarorin biyu. Patrick da Toups makaɗa ne, ita kuwa Kidi Bebey 'yar jarida ce kuma marubuciya. A shekarar 2016 ta wallafa littafi kan tarihin gidansu mai suna Mon royaume pour une guitare, wanda ke ba da labarin yadda mahaifinta ya bar kujerar ofis ya rungumi jita.