Kwamfutar "client léger": inda takardu suke zama da yadda ake kiyaye saitinta

"Client léger" suna ne na Faransanci da ake kiran wata ƴar ƙaramar kwamfuta da ba ta aiki ita kaɗai. Akwati ne ɗan ƙarami da ake haɗa wa allo da madannai da linzami, amma manhajoji da takardu suna can cikin babbar na'ura, wato "serveur", wadda za mu kira uwar na'ura. Kamfanonin HP da Dell da NComputing na cikin masu ƙera ta. Dell ta sayi kamfanin Wyse a shekarar 2012.

Amfaninta a karkara

Irin wannan akwati yana cin wuta kaɗan ƙwarai, yawanci ba shi da fanka, don haka ƙurar hunturu ba ta cika shi da sauri. A garuruwa kamar Dantchiao, cikin gundumar Magariya ta jihar Damagaram, wannan yana nufin batir da faifan hasken rana ƙalilan za su iya ɗaukar ɗaki guda na kwamfutoci a makaranta ko ofishin magajin gari. Sai dai in uwar na'ura ta mutu ko wayar haɗi ta katse, aiki ya tsaya wa kowa.

Ina takardu suke zuwa?

Wurare uku ne. Na farko, dosiyen ma'aikaci a kan uwar na'ura, wanda ake shiga da suna da kalmar sirri. Nan ne ajiya ta gaskiya. Na biyu, kile USB, in mai kula da na'urorin ya yarda a yi amfani da shi. Na uku, cikin akwatin kansa, kuma nan haɗarin yake.

Yawancin waɗanda ke aiki da Windows suna da wani shinge mai suna UWF. Duk abin da aka rubuta a cikin akwatin, shingen yana riƙe shi na wucin gadi ne kawai. Da zarar an kashe na'ura ko kuran ya ɗauke, komai ya koma yadda yake da farko. Jerin sunayen ɗalibai ko takardar haihuwa da aka ajiye a "Bureau" na akwatin zai ɓace, ba mai iya maido da shi.

Saiti

Haka ma saiti yake: harshe, madannan AZERTY, agogo, firinta. Don canji ya zauna, sai mai kula da na'urorin ya shiga da izininsa, ya kashe shingen, ya sake kunna akwatin, ya yi gyaran, sannan ya maida shingen. In aka bar shi a kashe, ƙwayar cuta daga kile za ta samu wurin zama.

Ƙa'idojin kiyayewa

Kafin fara aiki, a tambayi inda dosiyen uwar na'ura yake. A ajiye takarda ta gwaji, a kashe, a kunna, a ga ko tana nan. A riƙa kwafe uwar na'ura a faifai na daban, a ajiye shi a wani ɗaki. Kowa ya riƙe kalmar sirrinsa, domin bayanan jama'a amana ne, kuma hukumar HAPDP ce doka ta ɗora wa kula da kare su a Nijar.