Kwari da Baka a Bayan Gilashi

Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai tarar da kayan yaƙin da: sulke, takobi, mashi, ga kuma kwari da baka. Yawancinmu a gaban sulke muke daɗewa, mu wuce kwarin kamar ba mu gan shi ba. Haka muke yi a rubutu ma. In za mu tsara labarin yaƙi, sai mu ɗora jarumi kan ingarma da lifidi, mu manta da 'yan baka.

Alhali mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram, kibiya ce tarihinmu. A ƙarni na 19 garuruwan nan suna bakin iyakar ƙasar Kano, daura da duwatsun Ningi, kuma hare-haren Ningawa sun sha faɗo musu. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya daɗe yana fama da su. A tsakanin duwatsu doki ba ya sukuwa, sai mai baka ya laɓe ya yi aikinsa.

Mu dubi kibiyar da kyau. Jikinta kyauro ne, babu gashin tsuntsu a gindinta irin wadda muke gani a finafinan waje (kuskuren da wasunmu kan kwaso). Maƙeri ke ƙera bakinta, ya fitar mata da kunne yadda in ta shige ba ta fita sai da tsaga. Ƙarfinta kuwa dafi ne, wanda ake dafawa da 'ya'yan kwankwani, ya bi jini ya tsayar da zuciya. Irin wannan kibiya ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan Turawa, a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi.

Bakunan Indiya na zamanin sarakunan Mugal da ke gidajen tarihin Ingila an haɗa su da ƙaho da itace da jijiya, har da zoben babban yatsa na dutse mai daraja, an yi rubuce-rubuce a kansu. Namu da suka isa can, sau da yawa sunan Baturen da ya kai su ne a takarda, ba na maƙerin ba.

A ƙauyukanmu har yanzu akwai tsofaffin maharba da kwari ke rataye a ɗakinsu. Kwanan baya mun tambayi matasa sunan igiyar baka, aka yi shiru, sai wani dattijo a gefe ya ce, "Tsirkiya."