Daga Fender zuwa Zariya: tarihin lahanin jitar lantarki da yadda za ka gane shi kafin ka biya kuɗi

Jama'a, yau mun ɗan sauka daga kan wayoyi. Hunturu ya kusa, kuma duk matashin da ke tara kuɗi a Tudun Wada don ya sayi jitar lantarki, ya kamata ya san cewa matsalar da ke jiransa ta girmi kakansa.

A 1950 Leo Fender ya fitar da jita mai suna Esquire a Kalifoniya ta Amurka. Na farko-farkon babu sandar ƙarfe a cikin wuyansu, katako ne zalla. Tsirkiyoyi shida suna jan katakon dare da rana, sai wuyan ya soma lanƙwashewa. Kafin shekarar ta ƙare ya fito da Broadcaster da sandar a ciki, wadda ta koma Telecaster a 1951. Abin mamaki, kamfanin Gibson ya riga ya sami haƙƙin mallakar wannan dabara tun 1923.

To, me ya haɗa mu da wannan? Yawancin jitar da ke shagunanmu ta Legas take biyowa, inda iska ke da laima. Ta iso Zariya, iskar hunturu ta busar da ita. Katako yana tsukewa, ƙarfe kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa wuya ke karkacewa, bakin ƙarafan da ke jere a wuyan, wato firet, su leƙo waje kamar haƙoran zarto. Ka shafa yatsa a gefen wuyan. In ya karce ka, ka gani da kanka. Sannan ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tsakiya. Ratar da ke wurin kada ta wuce kaurin katin waya na takarda sosai. In ta yi yawa, ka ce wa mai shago ya ɗan juya sandar a gabanka. Wadda sandarta ta ƙi motsi, wallahi ka bar masa abinsa ko nawa ya rage maka, don gyaran na iya fin kuɗin jitar.

Darasi na biyu daga 1965 yake, shekarar da CBS ta sayi Fender a kan dala miliyan 13. A shekarun 1970 makaɗa suka yi ta kuka da aikin gaggawa, musamman mahaɗar wuya da jiki. Japanawa suka shigo da kwaikwayo mai kyau, har kamfanin da ya mallaki Gibson ya kai ƙara kan jitar Ibanez a 1977, Fender kuma ta fito da Squier daga Japan a 1982. Kun ga ke nan, suna a goshin jita bai taɓa zama shaida ba, balle yanzu da ake buga tambarin jabu. Ka riƙe jikin, ka ɗan girgiza wuyan. Kada ya motsa.

Sai ƙugi. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti mai naɗin waya ɗaya yana kwaso ƙarar wutar lantarki, shi ya sa Seth Lover na Gibson ya ƙirƙiro mai naɗi biyu a 1955. Ɗan ƙugi a mai naɗi ɗaya ba lahani ba ne. Amma in ka taɓa tsirkiya ƙarar ba ta ragu ba, wayar as ɗin ciki ce ba ta haɗu ba. In da hali a gwada maka da wutar NEPA da ta janareta, ka murɗa kowane maɓalli, ka motsa waya a bakin soket ka ji ko sauti zai yanke.

Wayarka ma tana da aiki a nan. Ka sauke manhajar saita sauti, ka kaɗa tsirkiya a sake, ka kuma danne ta a firet na 12. Harafi ɗaya ya kamata manhajar ta nuna, allura a tsakiya. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da sukundireba a gadar da tsirkiyoyi ke zaune. In an kai sukurun ƙarshe bai daidaita ba, wataƙila tun a masana'anta aka dasa gadar a karkace.