18 ga Disamba: haihuwar Jamhuriya ko zaɓin Faransa?

Ranar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta ba ƴan Nijar zaɓi: zama cikin tarayyarta ko ƴanci nan take. Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a. Gwamna Colombani da sarakuna da dama suka goyi bayan i, ita ce kuma ta rinjaya. Daga wannan ƙuri'a Jamhuriya ta samo asali ranar 18 ga Disamba, Diori Hamani na jan gwamnati. A 1959 aka haramta Sawaba. Ƴancin kai kuwa sai 3 ga Agusta 1960. Shi ya sa har yau wasu ke ganin ranar ta Faransa ce. Malamai, mu koyar da ranakun nan uku tare, domin kowace ba ta fahimtuwa sai da ƴan uwanta.