Kunamar Ruwa da Naman Kaza: Bambancin Dafi da Guba

Ɗayan a ruwa yake, ɗayan a daji, amma dukansu suna iya kai mutum asibiti. Idan ka san bambancinsu, za ka san abin yi.

Kunamar ruwa kifi ce mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya. Yawancin danginta a teku suke, amma akwai irin da ke cikin kogunan Kwara da Binuwai, wadda masana suka bayyana a shekarar 1962 daga Garwa ta Kamaru. Idan kana barin Dogo-Dogo zuwa cin rani a bakin waɗannan koguna ko gaɓar teku, kana iya gamuwa da ita. Takan kwanta cikin yashi, ta soki wanda ya taka ta da ƙayar wutsiyarta.

Naman kaza kuwa yakan fito da damina a gindin itatuwa, kan juji da kusa da suri. Wani ana ci, wani yana da guba. Mafi haɗari shi ne Amanita phalloides na dazuzzukan Turai, mai lalata hanta.

Dafin kunamar ruwa a ƙayarta yake, kuma raɗaɗinsa nan take ne. Zafi yana rage shi. Gubar naman kaza a cikin tsokarsa take, kuma dafuwa ko shanya ba sa kashe irin mai lalata hanta. Amai da gudawa kan jinkirta awa 6 zuwa 24, sa'an nan mutum ya ji kamar ya warke alhali hantarsa tana lalacewa.

Saboda haka, idan ka shiga ruwa, ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗaga ta. In an soke ka, wanke wurin, ka tsoma shi a ruwan zafi wanda fata za ta iya jurewa na minti 30 zuwa 90, sa'an nan ka je asibiti. Kada a zare ƙayar da ta shiga ƙirji ko ciki.

Kada ka ci naman kazar da ba ka sani ba, kuma ka gargaɗi yara. In wani ya ci, kada a jira alamu. A kai shi asibiti mafi kusa, ko na Dungas ko Magarya, tare da ragowar abin da ya ci.