Manhajojin waya da matafiyin ɗan kasuwa da ma'aikaci ke buƙata a Kebbi

Dillalin shinkafar da ya bar Birnin Kebbi da sassafe zuwa Argungu da harkokin shagonsa yake tafiya. Kafin ya isa, mai saye daga Legas ya turo saƙo yana tambayar farashin buhu, direban babbar mota yana neman kuɗin mai, yaron shago kuma yana so ya san ko kuɗin wani abokin ciniki sun shigo. Haka lamarin yake ga ma'aikacin gwamnati da aka tura rangadin ƙananan hukumomi, da matashin da ke zaune a gida yana yi wa wani kamfani na Abuja aiki ta intanet. Dukansu wayar hannu ce ofishinsu.

Sai dai ba kowace manhaja ce ta dace da wannan yanki ba. Sabis yana da ƙarfi a cikin gari, amma yakan raunana idan aka gangara ƙauyukan fadamar Rima, inda ake sayo shinkafar. Data ma ta ƙara tsada tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Don haka kafin a sauke manhaja, a tambayi kai abu uku: me take iya yi idan sabis ya ɗauke, data nawa take ci, kuma ina bayanai za su kasance idan wayar ta ɓace.

Hulɗa da abokan ciniki

WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, ita ce ta fi dacewa da mai sana'a. Tana ba da damar jera hotunan kaya da farashinsu, ta yadda mai neman shinkafa ko busasshen kifi zai gani da kansa ba sai ya kira ba. Ana iya tsara saƙon da zai riƙa fita da kansa idan mai wayar yana kan hanya, ana kuma iya yi wa kowace hira alama, a ware wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Saƙon da aka rubuta a inda babu sabis yana jira, ya tafi da zarar sabis ya dawo. Mai layi biyu zai iya ajiye ta tare da WhatsApp na yau da kullum a waya ɗaya, ya raba harkar kasuwa da ta iyali. Domin rage cin data, a kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye.

Biyan kuɗi da karɓarsu

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa 'yan kasuwa da yawa amfani da OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda, baya ga manhajojin bankunansu. Lasisin waɗannan ba iri ɗaya ba ne. Moniepoint da Kuda ƙananan bankuna ne, OPay da PalmPay kuwa kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya ne. Bambancin yana da tasiri a kan inshorar ajiya. Tun 2024, Hukumar Inshorar Kuɗaɗen Ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna, masu asusun kamfanonin hada-hada ta waya kuma har naira miliyan 5. Wanda jarinsa ya haura haka bai kamata ya tara shi wuri guda ba. Asusu biyu a wurare daban-daban suna kuma ceton ciniki ranar da ɗaya ya ƙi aiki.

Idan intanet ya ɗauke amma ana iya kira, lambobin USSD suna aiki: *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith, *901# na Access, *737# na GTBank. Ana cire ɗan kuɗin hidima, saboda haka a bar kati a layin.

Ƙa'ida ɗaya ba ta canzawa: kada a saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon tes da ke cewa kuɗi sun shigo. 'Yan damfara suna ƙirƙirar duka biyun. A buɗe manhaja a ga kuɗin a cikin asusu tukuna. Mai zuwa Kamba da niyyar tsallakawa Gaya a Nijar ko Malanbil a Benin kuma ya tuna cewa waɗannan asusu na naira ne, a can kuwa da sefa ake ciniki.

Takardu da lissafi

Duk mai adireshin Gmail yana da ma'ajiyar gigabait 15 kyauta a Google Drive. A cikin manhajar akwai hanyar ɗaukar hoton takarda a mayar da ita PDF, wadda ta isa a adana rasit, takardar dakon kaya, shaidar rajistar kasuwanci ko wasiƙar ofis. Google Docs ta rubutu ce, Google Sheets ta lissafi, kuma dukansu suna aiki ba tare da intanet ba, muddin an zaɓi takardar an umarci wayar ta ajiye ta tun ana cikin gari. Abin da aka rubuta a ƙauye zai hau da kansa idan an dawo inda akwai sabis.

Amfanin wannan ga ɗan kasuwa shi ne littafin bashi ɗaya da shi da yaron shagonsa za su riƙa gani a lokaci guda, ko da ɗaya yana kasuwar Jega ɗaya yana Birnin Kebbi. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya fara sanin ƙa'idar ma'aikatarsa kafin ya ɗora takardun ofis a ma'ajiyarsa ta kansa, domin akwai takardun da ba a yarda su fita ba. Mai biyan kuɗi ga hukumomin tarayya ta Remita ya adana lambar biyan da aka ba shi, don ita ce hujjarsa.

Taro daga nesa

Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, Google Meet kuma bayan minti 60 idan mahalarta sun kai uku. Kiran WhatsApp yana ɗaukar mutum 32. Inda sabis ba shi da ƙarfi, kashe bidiyo a bar murya kaɗai yakan hana yankewa, ya kuma rage cin data sosai. Mai hulɗa da ƙasashen waje ya sa lokutan taronsa a Google Calendar, wadda ke daidaita bambancin agogo. Dubai tana gaban Najeriya da awa 3, Sin da awa 7. Landan kuwa agogonta ɗaya da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa 1.

Hanya da harshe

Google Maps tana ba da damar sauke taswirar yanki a ajiye a waya. Wanda ya sauke yankin da ya haɗa Birnin Kebbi, Argungu da Sakkwato zai ci gaba da ganin hanyar mota ko babu data. Amma taswira ba ta san hanyar da ruwa ya yanke da damina ba, ba ta kuma san halin tsaron wuri ba. Wannan sai a tambayi direbobin tasha da mutanen gari, domin matambayi ba ya ɓata. Yana da kyau kuma matafiyi ya nuna wa wani na gida inda yake ta WhatsApp, wadda ke iya bin tafiyarsa na minti 15, awa 1 ko awa 8, gwargwadon samuwar sabis.

Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta tun 2013. Mai zuwa Nijar ko Benin zai iya sauke Faransanci tun daga gida, ya haska kyamara a kan takarda ya fahimci abin da ta ƙunsa. A kan yarjejeniyar da ta shafi kuɗi dai, a nemi mutumin da ya san harshen. Allon rubutu na Gboard kuma yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ga mai rubuta wa abokan cinikinsa da Hausa.

Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, cunkoson jama'a yakan yi wa sabis nauyi. Mai kai kaya ya tanadi layi na biyu na wani kamfani dabam da 'yan kuɗi a hannu, ya kuma kama masauki tun da wuri ta hanyar kiran waya, tunda ba kowane masauki ne ke kan manhajoji ba.

Tsaron waya

Wayar da ke ɗauke da asusu, littafin bashi da lambobin abokan ciniki ta cancanci kulawar da ake ba akwatin kuɗi. A kulle allonta. A sa wa layin kansa lambar sirri, domin ɓarawo yakan cire layi ya sa a wata waya ya nemi shiga asusu ta USSD. A kunna matakin tabbatarwa na biyu a WhatsApp, mai lambobi shida, wanda ke hana wani ƙwace lambar ya riƙa roƙon kuɗi da sunan mai ita. A kunna hidimar Google ta nemo waya, wadda ke iya kulle ta ko goge abin da ke cikinta daga nesa. Babu bankin da ke kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta tes. Duk mai neman su ɗan damfara ne. Manhajojin ba da bashi masu neman izinin shiga jerin lambobin waya kuma a guje su.

Daren da za a yi tafiya, a sauke taswira da takardun da za a buƙata, a cika waya da batirin ajiya da caji, a kuma rubuta a takarda lambar kiran banki da hanyar rufe asusu, a sa a aljihun da ba na wayar ba. Idan wayar ta ɓace a tasha, da wannan takarda za a ari wayar wani a rufe asusun kafin a taɓa kuɗin.